Jilen da Baba Agali Ya Goge

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara mu. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Agali, mai wanki da guga na bakin tashar Dakoro, bayan jinyar kwana huɗu ta ciwon ƙirji. Ina hanyar Ɗan Gulbi da fasinja a bayan moto, wato babur, aka kira ni aka faɗa mini. Na ce to. Na kai mutumin har ƙofar gidansa, na juyo, na samu jana'iza bayan azahar. Yau kwana tara ke nan ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina fita aiki. Abin kamar an ba ni labarin wani gari.

Baba Agali, ni ne Zakiru ɗan kabu-kabu, mai bakin nan. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, a allunan shaguna da kwalayen magani na koya wa kaina karatu, don haka masu ilimi su yi haƙuri da rubutuna. Akwai waɗanda suka fi ni iya yabonka. Amma akwai abin da ni kaɗai ya wajaba in rubuta, kuma shi ne wannan: na zage ka a gaban jama'a, ka mutu ban nemi gafararka ba.

Duk wanda ya taɓa tuƙa moto da asubar Disamba ya san ƙirji sanyi yake nema. Shi ya sa mu 'yan kabu-kabu muke son jile, rigar sanyin nan marar hannu mai auduga a ciki. Tana tare ƙirji da baya, ta bar maka hannuwanka, kuma in rana ta ɗaga ba ta dafa ka. Shekara biyu da suka wuce na yi sati uku ina tonon kayan Amani mai gwanjo kafin in samu wadda nake so. Baƙa ce, wuyanta ya tashi har haɓa, aljihunta biyu masu zif. Na ɗaga ta a rana na ga audugar ba ta dunƙule ba. Na sa ta a kan riga biyu ba ta matse mini hammata ba. Ban taɓa mallakar abin da na zaɓa da kaina haka ba. Kwana goma na sa ta, baƙin mai ya zuba mata, na kawo maka.

Ka fitar da man tas. Sannan ka yi abin da kake yi wa kowace tufa shekara talatin: ka hura gawayi a dutsen guga ka ɗora mata. A wurinka, mayar wa mutum kayansa ba guga raini ne. Ba ka san bayanta roba ba ce. Ta narke, siffar dutsen ta fito a tsakiyar baya, auduga ta leƙo.

Da ka so, da ka ninke ta ka miƙo mini, sai na je gida in gani. Ba ka yi haka ba. Ina tsayawa ka ware ta da hannu biyu ka nuna mini wurin, ka ce kai ne, kuskurenka ne.

Ni kuwa na buɗe baki. Na ce da kai tsohon banza. Wannan ma mai sauƙi ne. Na taɓo asalinka, na jefe ka da kalmar bautar nan da marasa kunya suke jifan Buzaye da ita. Ba zan sake rubuta ta ba, duk wanda yake tasha ranar ya ji. Matarka Inna Fadimata tana tsaye da kwanon abincinka a hannu. Na wurga maka rigar a fuska na tada moto. Abin da na tuna kawai, ba wanda ya yi dariya.

Kwana biyu sai ga ka a inda muke jiran fasinja. Na ɗauka ƙarata ka kawo wurin manya, har na shirya bakina. Ashe rigar ce ka kawo, ka kai wa tela ya yi mata faci da ƙyallen tsohon wando, ya mayar da audugar ciki. Na ce ba na so. Ka ce to. Sai ka juya cikinta, ka nuna mini 'yar takardar da ke ɗinke a gefe.

"Zakiru, an ce kai kana karatu. Mi suka ce a nan?"

Na duba. Ba ma karatu ba ne, zane ne: dutsen guga an soke shi da layi biyu, da baho da hannu a ciki. Ni mai taƙamar karatu ban taɓa duba ta ba sai ranar. Na faɗa maka ina kallon wani wuri. Ka sa na maimaita, ka yi godiya, ka tafi. Dattijo mai furfura, ka yi mini godiya.

Daga nan duk Dakoro ba wanda ya kai ka iya wankin jile. Ka ja zif ka rufe kafin ka tsoma ta. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan. Ba ka murɗewa, da tafin hannu kake danne ruwan. Ka shimfiɗa ta a inuwa kan tabarma, in ta sha iska ka bubbuge ta har audugar ta koma mazauninta. In zif ya cije ka goga masa kyandir. Ka riƙa yi wa abokan aikina faɗa kan masu cusa ta a ƙarƙashin kujerar moto da danshinta, da masu jin wuta da ita kusa da murhun mai shayi. Har ta kai in mutum zai saya, kai yake ja zuwa wurin Amani. Amani yana cewa ka lalata masa kasuwa, don ba ka barin a ɗauki mai mataccen ciki.

Ita kuwa tawa, kai ka ci gaba da sa ta. Ka ce ta dace da mai wanki, ba hannun da zai jiƙe. Sanyi biyu ina wucewa kowace safiya, kana sunkuye kan baho, facin nan yana tsakiyar bayanka. Kana ɗago kai ka ce, "Zakiru, an tashi lafiya?" In amsa a gaggauce in ƙara wuta. Sau nawa na ce gobe zan tsaya, ban san adadi ba. Bakin da bai yi jinkiri wurin zagi ba, shi ya kasa kalma biyu.

Ina da shaida a kan halinka, kuma ba ni kaɗai ba. Kana da gwangwanin madara da kake tara abin da ka tsinta a aljihun mutane: makulli, laya, katin waya, takardar likita. Ba abin da ya taɓa kwana biyu a ciki in ka san mai shi. Mutanen garuruwan Mai Yara da Bader Goula da suka kawo marasa lafiya gidan likita, ka sha wanke musu zannuwan jinya waɗanda ko danginsu ƙyamarsu suke, ka ce su bar shi don Allah. Yanzu kowa a tasha cewa yake, Allah sarki, mutumin kirki. Rabinsu ba su taɓa kiran sunanka ba, kai Buzu suke ce maka. Ina jin su, bakina yana motsi, sai in tuna ni ne na fi su duka.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu ya amsa, mun yafe. Ni ma na motsa leɓe. Na tsaya ina jira ko za a ce wanda ya saɓa wa marigayi fa, ya zai yi. Ba a ce ba. Aka ɗauke ka.

Ranar addu'ar bakwai na shiga gidanka. Inna Fadimata tana cikin ɗaki tana takaba, na durƙusa daga bakin labule. Na yi mata gaisuwa, na faɗi sunana, ta ce ta gane muryar. Na ce na zo ne kan maganar tasha, ina so in sani ko ka taɓa cewa ka yafe mini. Sai ta ce:

"Bai taɓa tada maganar ba, ko sau ɗaya. Ba zan yi masa ƙarya yana kwance ba. Ni dai na ji abin da ka ce, kuma ba shi kaɗai ka zaga ba. Ka zagi uwata, ka zagi 'ya'yana. Yau ba ni da abin ba ka. In na fita takaba ka dawo, ka faɗa a gabansu, Mohamed da Zuhura."

Na ce to, Inna. Wata huɗu da kwana goma. In Allah Ya bar ni da rai zan koma, in durƙusa a gaban 'ya'yanka, abin da suka ga dama su yi da ni. Kafin nan, tunda a fili na yi, a fili nake rubutawa: ƙarya na yi. Baba Agali ɗan halas ne mai mutunci, ni ne na yi rashin tarbiyya.

Allah Ka ji ƙan bawanKa Agali. Ka wanke shi daga zunubi fiye da yadda ya wanke wa bayinKa tufafi, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fadimata, da Mohamed, da Zuhura, da dukan danginsa na nan da na daji. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ni kuma, ya Allah, in akwai wani ɗan lada a wannan rubutu, Ka kai masa. Haƙƙinsa yana wuyana, kuma na sani.