Harsashi Guda Domin Tordo

Duk wanda ya yi kiwon tumaki a tsibirin Tierra del Fuego ya san Belarmino Oyarzo, ko da a bakin mutane ne. Daga Chiloé ya zo yana ɗan shekara goma sha tara, da bargo ɗaya da wuƙa, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma gida. Yau shekara arba'in da bakwai ke nan. A nan ya auri Orfelina, a nan ya binne ta, 'yarsu tilo Eduvigis kuwa tana birni tana aikin jinya.

Da harbi ya yi suna. Dila ba ya shiga masa garke sau biyu. Sai tsufa ya biyo masa ta hannu. Da fari shayin mate ne ke zubar masa a wando, daga baya bakin bindiga ya koma rawa kamar jelar ɗan rago. Da yake mutum ne mai taurin kai bai faɗa wa kowa ba, sai ka ce sauran mutane ba su da idanu.

Eduvigis ce ta aiko masa da matokarin bindiga mai ƙafa uku, shafal da shi, ana naɗewa a ɗaura a bayan sirdi. Ranar da ya warware shi makiyaya sun sha dariya.

"Dattijo Belarmino, hoto za ka ɗauke mu?" in ji Anselmo, shugaban makiyayan gandun da yake aiki.

"Kai dai matsa can, kada wannan fuskar taka ta karya min shi."

Amma wanda ya ƙera abin nan bai san iskarmu ba. Da ya miƙe ƙafafun ya tsaya, sai abin ya fi hannun nasa karkarwa. Bazara guda ya kwashe yana fama a ɓoye bayan bukkarsa. Ya gano sai ya rage tsawon ƙafafun, ya ware su, ya nutsa su cikin ƙasa, shi kuma ya zauna dirshan ya jingina bayansa da dutse. Ya rataya jakar sirdi cike da duwatsu a tsakiya, jakar ta riƙa lilo tana ɓata saiti, sai da ya sassauta igiyar har gindinta ya taɓa ƙasa. Ya naɗe buzu ya tokare gwiwar hannunsa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya daina damƙar bindigar, ya bar ƙarfe ya ɗauki nauyin da shi ya saba ɗauka.

Abokin zamansa a bukkar shi ne Tordo, baƙin karen kiwo da ya rena tun yana jan ciki. Shekara tara suna raba nama ɗaya. Da lokacin haihuwar tumaki ya zo sai aka fara tsintar 'ya'yan a yayyage. An ɗora wa dila laifi, har ranar da Anselmo ya ga Tordo a kan gawa da jini a baki. A wajenmu karen da ya ɗanɗani jinin tunkiya ba ya bari, kuma mai shi ne ke kashe shi da hannunsa. Tordo kamar ya sani, ya haye tudu bai ƙara saukowa ba.

Anselmo ya zo bukkar, hula a hannu.

"Tsoho, ka bar min wannan. Nama zan ajiye masa da guba, ba sai ka gani ba."

Belarmino ya taɓa ganin karen da ya ci guba. Yini guda ya yi yana birgima yana cizon ƙasa.

"Ba ni kwana biyu."

"Da wannan hannun? In ka same shi a ciki fa, ya gudu da rauni?"

"Na ce ka ba ni kwana biyu, yaro."

Da hantsin rana ta biyu Belarmino ya hango Tordo a gefen tudu, tazarar taku ɗari biyu. Ya kafa ƙafafun, ya cika jaka da duwatsu, ya zauna. Bindiga ta tsaya cak, yadda ba ta tsaya masa ba a shekara biyar. Karen ne ya ƙi tsayawa, yana ta sassarfa tsakanin ciyayi, ga shi ya kusa shan kwanar dutse. Zuciyar tsohon ta karye, domin ya san hanya ɗaya ta rage, kuma ya san cin amana ce.

Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, irin wanda ake yi wa karen kiwo in ana so ya dakata.

Tordo ya tsaya nan take. Ya juyo, ya zauna, ya miƙe kunnuwa yana kaɗa jela, yana jiran a gaya masa inda garke zai nufa. Belarmino ya jira iska ta lafa, ya fesar da numfashi, ya ja kunamar bindigar.

Da yamma Anselmo ya same shi yana haƙa rami a gefen tudun. Ya duba gawar, ya ga harsashi guda ne, a ƙirji, karen bai ko motsa daga inda ya zauna ba.

"Kai! Tsoho, ashe hannun na nan! Bai ma san an yi ba."

Belarmino bai ɗago ba. Hawaye na bin gemunsa, shebur na rawa a hannunsa.

"Wane hannu, Anselmo? Cewa na yi ya tsaya, shi kuma ya ji maganata."