Gindi Biyar da Suka Ƙi Mutuwa a Keita

Ana idar da sallar asuba muka bar Madawa, ni da ƙanwata wadda ta karanci cututtukan tsirrai a Yamai. Wani tsohon manomi ne a Keita ya aiko mata cewa tumatirinsa na mutuwa a tsaye. Motar da muka samu rabi mutane ce rabi albasa, har yau rigata ba ta rabu da warin ba. A Buza muka sha fura mai tsami, muka ratsa jajayen duwatsun nan da ke sa mutum ya ji shi ba kowa ba ne.

Garkar tsohon tana bakin tabki. Ƙasa jiƙe take, amma layi bayan layi sun yanƙwane. Ƙanwata ta yanki kara ɗaya ta tsoma a kofin ruwa. Muna kallo wani farin abu kamar madara ya riƙa sauka zare-zare. Ta ce ƙwayoyin cuta ne, su suka toshe hanyar ruwa, shuka ta mutu da ƙishirwa ga ruwa a gindinta.

Can gefe kuwa gindi biyar suna nan kore shar.

"Ɗiyata, waɗanga mi ya hana su mutuwa?" in ji tsohon. "Ruwa guda suka sha."

"Baba," in ji ƙanwata, "kowace shuka Allah ya sa mata masu gadi cikin ƙwayoyin halittarta. Wataƙila na waɗannan sun fi saurin farkawa."

Ta ce a ɗakin bincike ana iya sa ƙwayar halitta guda ta yi aiki fiye da yadda ta saba, sai shukar ta tari cutar tun ba ta yi nisa ba. Amma wani lokaci ƙarfinta duk a gadi yake ƙarewa, ta tsumbure, 'ya'ya su ragu.

Tsohon ya daɗe a durƙushe yana shafa ganyen. Kafin zuwanmu, niyyarsa ita ce ya ƙone garkar ya tafi cin rani. Ƙanwata ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ce ya tumbuke marasa lafiya, ya bar biyar ɗin su nuna a ɗauki iri a gwada. Ya ce zai tsaya.

Mun shigo Madawa ana kiran magariba. Shekara arba'in ina cin miyar tumatir, sai ranar na san cewa kowane ɗa da ya iso tukunyarmu, sai da uwarsa ta yi yaƙi ta ci.