Madarar da Na Shanye a Hanyar Gambaga

Ɗan yayata ɗan wabi ne. Uku ta haifa kafin shi a gidanmu na Salaga, kowane sai ya fara dariya sannan ya koma. Na ukun, kafin a rufe shi, kakarmu ta sa aka yanke masa gefen kunnen hagu. Da aka haifi na huɗu, ga kunnen nan a gutsure. Kwana tara bayan suna yayata ta rasu, ta bar mini shi, ni da ban taɓa haihuwa ba.

Matan unguwa masu goyo kowace ta ƙi ba shi nono, wai zai ja mata nata ɗan su tafi tare. Na ba shi nonon akuya, ya yi ta zawo har idonsa ya faɗa. Sai gwaggonsa ta aiko daga Bawku, ta ce tana shayarwa, a kawo mata shi in zai kai.

Ranar tafiya kakarmu ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke 'yar nan, saurara. Irin waɗannan suna da abokan tafiya, su ke zuwa kiransu. In suka ga ana son yaro, sai su ɗauke. Kada ki yi masa wasa, kada ki kira shi da suna mai daɗi. Zage shi, a ji."

Na ce, "Iya, jariri zan zaga?"

Ta ce, "Yayarki tawai ta yi ta yi wa ukun nan. Ina suke?"

Shekarun yaƙin Turawa ne, komai ya yi wuya. Da muka sauka Yendi yaron ko kuka ba ya iya yi, sai buɗe baki. Wata mai ƙosai ta ce akwai madarar gwangwani da matan akawu ke ba 'ya'yansu. Na bi kanti huɗu, babu. A na biyar mai kantin, wani Balarabe ɗan kwara, ya dubi goyon da ke bayana, ya shiga ciki, ya fito da gwangwani biyu, ya ce su ke nan suka rage. Ya nuna mini yadda ake huda shi da ƙusa a dama da tafasasshen ruwa. Na ɗaga murya na ce, "Ni zan sha da shayi, ba don wannan mummunan ba!" Mutumin ya yi mini kallon mahaukaciya, ni kuwa ko a jikina.

Wallahi yaron ya sha. Ina ɗura masa da cokali ina ce masa tsinanne, mai kan tulu, wa ma ya gayyace ka. Kwana uku muna jiran mota a Yendi, gwangwani ɗaya ya ƙare, idonsa ya ciko. Zuciyata kamar ta fashe don murna, bakina yana zagi.

Kafin mu kai Gambaga motar ta mutu, rana tsaka. Fasinjoji suka bi direba neman ruwa, ni na zauna gindin wata kuka na huda gwangwani na biyu. Daji ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Da na ɗago kai sai ga yara uku tsaye a gabana, tsirara, babba da mai bi masa da ƙarami. Ban ji takunsu ba, kuma babu gida ko ɗaya a kusa. Ƙafafunsu fes, kamar yanzu aka yi musu wanka. Ba ni suke kallo ba, cinyata suke kallo.

Babban ya ce, "Inna, madarar wa ce?"

Ƙasar Mamprusi ce, amma da Hausar gidanmu ya yi maganar, irin ta tsofaffin Salaga. Na ce, "Tawa ce mana. Wa zai ɓata madara a kan wannan abin?"

Ba su tafi ba. Ƙaramin ya matso har ina jin sanyinsa a gwiwata. Sai na kafa gwangwanin a baki. Na tsotse shi tas, kauri da zaƙin nan suna maƙale mini a wuya, yaron yana wawure-wawure da baki a kan cinyata yana jin ƙanshi. Na wurgar da gwangwanin na ce, "Ku ɗauke shi in kuna so, kun hutar da ni." Babban ya dube ni ya daɗe, sannan suka juya suka shiga ciyawa, ciyawar ko motsi ba ta yi ba.

Yini da rabi muka ƙara kafin Bawku, ruwan zafi kawai nake ɗiga masa. Da na kwance goyon a zauren gwaggonsa jikinsa ya saki, na ce shi ke nan, na kashe shi da bakina. Ta fizge shi ta sa a nono. Can sai muka ji ya haɗiya.

Jikokina 'yan boko sun ce yaran ƙauye ne suka ga gwangwani. To, su je su gwada da nasu ɗan.

Da aka yaye shi aka maido mini, ni na raine shi. Yanzu ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya. Kowace Juma'a yakan zo gaishe ni, ya tsuguna nesa ya ce, "Inna, ina wuni," in ce, "Kai kuma me ya kawo ka?" Sau ɗaya ya taɓa tambayata laifin da ya yi mini. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, na shiga ɗaki na yi kuka har la'asar. Ko yau na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ji sanyin nan a gwiwata.

Shi ya sa na rubuta. In na mutu a karanta masa a hankali, cikin ɗaki, a rufe ƙofa: ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so shi ba. Allah ya sa dai yaran nan uku ba su iya karatu ba.