Tsohuwar da ta mayar da makullinmu jikin ƙusa

Shekarun baya na raka mahaifiyata Faransa. Ƙanwata ce ta haihu a Lyon, ɗakinsu guda ita da mijinta, dole mu nemi masauki. Umma kuwa gwiwarta ta daɗe da lalacewa, ko ɗawafi a keke muke tura ta.

Ni a unguwar Shisha ta Makka nake aiki, a teburin karɓar baƙi na wani otal ɗin alhazai. Ba dabarar masu otal da idona bai gani ba. A ɗauki hoton ɗaki ɗaya mai kyau, a sayar da talatin da shi. Shi ya sa da na ga otal mai araha a tsohon gari, jikina bai ba ni ba. Na kama ne kawai don kusa yake da ƙanwata.

Tasi ta ajiye mu a bakin wani lungu, ta ce ba ta shiga. Na tallabo Umma a kan duwatsu har ƙofar. A kulle! Da rana tsaka! A Makka ko ƙofa ba ma turawa. Na ce, "Halas, shi ke nan, Umma, an cuce mu."

Can sai ga wata tsohuwar Baturiya da burodi a hammata, ta buɗe. Ta duba takardunmu, ta ciro makulli daga jikin ƙusa. Sai ta kalli Umma sama da ƙasa, ta mayar da shi jikin ƙusa.

Wallahi raina ya ɓaci. Na san wannan wasan: a ga baƙo ba ya jin yare, a tura shi ɗakin ajiye tsintsiya. Ko baƙar fatarmu ce, ko abayar Umma? Na fiddo waya ina nuna mata hoton ɗakin, ina ta faɗa da Larabci da guntun Ingilishi, ita tana nata da Faransanci.

Umma ta ce, "Kai ɗan nan, ka bar ni in zauna ko a ƙasa ne. Ƙafata ta ƙare."

Tsohuwar ta kama hannun rigata ta ja ni bayan wani labule. Matakala ce ta dutse, siririya, ta murɗe sama, tsakiyarta duk ta cinye. Ta nuna ta, ta nuna gwiwar Umma, ta girgiza kai ta ce, "Asansir." Mu ma haka muke kiran lif a Makka. Babu shi. Ni mai gane dabarar kowa, ban ko tambaya ba kafin in kama ɗaki a can ƙololuwa.

Ɗakin da ta ba Umma a ƙasa yake, bayan teburinta, da hotunan jikokinta a bango. Nata ne. Ita ta riƙa hawa sama tana kwana a can.

Kada ku ce na saduda nan take. Har ranar tafiya ina jiran ta ƙara wani abu a kan kuɗin. Ba ta ƙara ba. Sai sumbatar Umma da ta yi a kumatu, Umma na ta kunya.

Har yau ina zargin hotunan otal, wannan ba zan daina ba. Amma idan alhaji ya shigo mana, kafin in karɓi fasfonsa, ƙafarsa nake fara kallo.