Fayilolin Yaya Sabo a Cikin Buhu

A wannan makon na farkon damina yayana Malam Sabo ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara iyalinsa mu yi masa addu'a, a ci abinci, kowa ya kama gabansa. Bana addu'ar kaɗai ba ta ishe ni ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni kam bana ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Abin da na gani a ofishin da ya yi shekara talatin yana aiki shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Sabo shi ne magatakardan dagacin garinmu. Ƙauyenmu yana can gefen hanyar Gezawa, inda gona ke jingine da gona, babu wani fili da ba shi da mai shi. Layin gamba ɗaya ko wata tsohuwar aduwa ita ce ke raba naka da na maƙwabcinka. Saboda haka duk wanda ya sayi gona, ko aka raba gado, ko aka ba wani aron fili, sai an je gaban dagaci da shaidu. Yaya ne zai rubuta takarda biyu, ya ba mai gona ɗaya, ya huda ɗayar ya sa a fayil mai zoben ƙarfe.

Yadda yake ajiye fayilolin nan shi ne abin da garin ya san shi da shi. Ya sa kafinta ya yi masa kanta mai hawa huɗu, ya hana a yi na biyar, wai abin da hannu ba ya kaiwa ido ma mantawa yake yi da shi. Ƙafafun kantar kowace tana cikin gwangwani da baƙin mai saboda gara, kuma bai yarda ta taɓa bango ba. Kowace unguwa da launin fayilinta. A ƙeyar kowane fayil ya rubuta sunan unguwar da boko da ajami. Dukkansu a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa, ya tokare ƙarshen layi da bulo da ya naɗe a takardar siminti. Bai taɓa yarda a kwantar da fayil ba ko na minti ɗaya. Yakan ce na ƙasa ba ya shan iska, kuma mutum ɗan kasala ne, in sai ya ɗaga goma kafin ya kai ga ɗaya, to cewa zai yi babu.

Mu kuwa tsokanarsa muke yi. Limamin fayiloli muke ce masa, in mun leƙa ofis mu tambaye shi ko ya gama daidaita sahu. Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya taɓa korar ƙanen dagaci daga ofis don ya shigo yana cin gyaɗa, wai ɓawon zai kira ɓera. Ni kaina na sha faɗa da shi, don ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina kai kaya Dawanau, kuma a ganina lokacin duk wannan tsanani a kan takarda ɓata lokaci ne. Yana da wata ɗabi'a kuma da muke yi wa dariya. Idan ya gama rubuta wa mutum takarda, sai ya tashe shi ya kai shi gaban kantar, ya nuna masa da yatsa inda tasa take, ko da mutumin bai san bihim ba. Yakan ce gonarka ce, ya kamata ka san inda shaidarka take tsaye.

To ga abin da ya faru bana. Akwai wata dattijuwa a bayan gidanmu, Iya Abu, matar marigayi Malam Hamisu. Fiye da shekara ashirin da suka wuce mijinta ya sayi gona daga hannun wani maƙwabcinsa, Alhaji Tanko. Yanzu mai saye da mai sayarwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Da ita wannan gonar Iya Abu take ci da kanta da marayun jikokinta uku. Gab da faɗuwar damina sai ga 'ya'yan Alhaji Tanko daga birni, suka ce ubansu aro ya bayar, ba sayarwa ya yi ba. Kowa ya san dalili, birni yana matsowa, ƙasa ta yi daraja. Takardar hannunta ta lalace tun shekarar da rufin ɗakinta ya rufta. Shaidu uku ne, biyu sun rasu, na ukun tsufa ya sa ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Da magana ta kai kotu, alƙali ya ba ta mako biyu ta kawo takardar da ke ofishin dagaci. Ta zo ta roƙe ni in raka ta, tun da ni ne ƙanen Malam.

Rabona da shiga cikin ofishin nan na daɗe, iyakata bakin ƙofa. Na tarar an yi fenti, an sa kujerun kushin, an kafa talabijin, ga manyan hotuna a bango. Iya Abu ba ta ko kalli waɗannan ba. Ta dogara sandarta ta nufi bangon gabas kai tsaye, ta ɗaga yatsa.

"A nan take," ta ce. "Hawa na biyu, kore, na uku daga wajen taga. Da hannunsa ya nuna min, ni da mai gidan."

Firiji ne a wurin.

Magatakardan yanzu, Nasiru, mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya durƙusa ya gaishe mu, wayarsa a hannu, ya ce tsofaffin rekod duk suna sito, lafiya lau. Ya kai mu wani ɗaki a baya, inda ake jibge karyayyun kujerun roba da ragowar takin zamani. A kusurwa, a kan tsurar ƙasa, ga buhuna goma sha biyu an ɗora wani kan wani, an ɗinke bakinsu da tsumagiyar leda, tamkar gero mai jiran mota. Har da alfahari ya gaya mana cewa kowane buhu an jefa masa ƙwayar maganin da ake sa wa wake. Na tambaye shi kantar fa. Ya ce an ba kafinta ya mayar da ita benci biyu, su ne a ƙofar ofis.

Da muka farke buhun farko, warin da ya bugo mu ya sa Iya Abu ta toshe hanci da mayafi. An kwantar da fayilolin an danna su da ƙarfi don buhu ya ci da yawa. Damina tara ta wuce a kansu, rufin yana yoyo, ƙasa tana tsatstsafo da laima. Takardun sun manne sun zama dunƙule kamar tubali. Zoben ƙarfen sun yi tsatsa, tsatsar ta bi ta cinye gefen da aka huda. Buhunan ƙasa kuwa gara ta shiga ta yi gida, ta mayar da gadon unguwa guda ƙasa. Maganin wake yana kashe ƙwaron wake, amma me ya sani game da ruwa?

Kwana uku muka yi muna ɓamɓarewa da wuƙa. A rana ta uku muka samu koren fayil, muka samu takardarta. Na gane rubutun Yaya tun daga nesa, mai tsayi, a tsanake. Bisimilla tana nan a sama, sunan Malam Hamisu yana nan, da rabin sunan Alhaji Tanko. Daga nan zuwa ƙasa babu komai. Inda aka faɗi irin cinikin, da iyakokin gonar, da dangwalen yatsun shaidu, duk ya tafi cikin gara.

Abin da ya fi ƙona min rai ba garar ba ce, ita aikinta ta yi. Babu wanda na ga kunya ta kama. Nasiru ya ce ai da ma yana da niyyar shigar da komai cikin kwamfuta, kuɗin aikin ne ba su fito ba. Dagacin yanzu, ɗan wanda Yaya ya yi wa aiki, ya girgiza kai ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma tir da wanda zai zuba amanar mutane a buhu ya jefar a ƙasa, sannan ya ɗora wa ƙaddara. Akwai kuɗin fenti, akwai na firiji, babu na gwangwani huɗu da baƙin mai. Mutanen da suka taru a ƙofa ma, maimakon su tambayi ina tasu takardar, hira suke yi a kan bencin suna cewa zamani ne ya canza.

Ina ta tambayar kaina me Yaya zai ce da Allah zai dawo da shi ya leƙa ɗakin nan. Da farko na ɗauka faɗa zai yi har a ji shi a bakin titi. Da na ƙara tunani sai na ga ba Nasiru zai fara nema ba, ba kuma dagaci ba. Buhunan zai juya ya duba, don shi mutum ne mai karanta duk abin da aka rubuta a jikin abu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A jikin kowane buhu akwai harufa biyu da jan fenti, irin alamar da muke yi wa kayanmu don kada su ɓace a Dawanau. Alamata ce. Shekara biyu bayan rasuwar Yaya, Nasiru ya zo rumbuna ya ce za a yi wa ofis fenti, yana neman buhunan da za a zuba fayiloli na mako guda. Ni na zaɓo masa masu kyau da hannuna. Ni na ce ya danna su sosai don kada su ci wuri. Ni na ba shi ƙwayar maganin, har ina jin na yi abin kirki, domin ni abin da na sani ke nan, duk abin da kake so ya daɗe ka sa a buhu ka ɗinke. Mako guda ya zama shekara tara. A cikin shekarun nan kusan kullum sai na wuce ta ƙofar ofishin, sau da yawa na zauna a kan bencin nan na sha inuwa, ban taɓa buɗe baki na tambaya ko an mayar da fayilolin yayana inda suke ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na yi kwana uku ina tsine wa masu wannan aiki a zuciyata, alhali jan fentina yana kallona.

Da aka koma gaban alƙali, ya juya guntuwar takardar ya ce ba ta isa hujja ba, kuma gaskiyarsa. Dattawa suka shiga tsakani aka yi sulhu, aka raba gonar biyu. 'Ya'yan Alhaji Tanko suka ɗauki ɓangaren da ke bakin hanya, mai rijiya da mangwaro huɗu da Malam Hamisu ya dasa. Aka bar wa Iya Abu ɓangaren jigawa, wanda ko a shekara mai albarka gero ba ya wuce ƙugu. Har sun fara sauke bulo a nasu rabin.

Shekaranjiya na daure na je gidanta. Na same ta a tsakar gida tana tsince irin gyaɗa a faifai. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta bai daina aiki ba. Can ta ce, "Ashe naka ne. Ai kuwa buhuna ne masu ƙwari, Alhaji. Sun fi takardun daɗewa." Ta ci gaba da tsince gyaɗarta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu in an tambaye ni me ya rage na aikin shekara talatin na Malam Sabo, ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Kantarsa ta zama abin zama, fayilolinsa sun zama ƙasa, kuma jininsa ne ya bayar da buhun. Amma na san cewa duk tsawon ransa babu wanda ya rasa taƙi ɗaya na gonarsa don an nemi takarda an rasa, kuma babu wanda ya taɓa gode masa a kan haka, don ba a ganin masifar da aka tare. Shi ya sauke nasa nauyin. Mu da ya bari a baya ne muka kasa riƙe abin da ya miƙa mana a shirye, wanda bai buƙaci komai ba sai a bar shi yadda yake. Allah ya jiƙanka Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa ka karɓi littafinka da hannun dama. Mu kuma Allah ya yafe mana, in masu haƙƙi sun yafe.

Gobe da sassafe zan kora shanun huɗata zuwa rabin da ya rage wa Iya Abu. Ban sani ba ko za ta bar ni in shiga gonar.