Biskit Ɗin Da Na Rantse Wa Gwaggo Babu Sukari

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta a Tambuwal, kuma taƙamata ba ta wuce biskit ba, irin mai ɗigo-ɗigon cakulet ɗin nan da ake kwaɓawa da bota da sukari da ƙwai. A waya na koya, na ƙware har mata na aiko mini in yi musu na biki, kaina ya kumbura. Ba wanda ya kai gwaggona ta Kebbe son sa, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni ina ƙarama. Duk ranar kasuwa sai na cika mata langa na ba direba.

Sai likita ya ce gwaggo tana da ciwon suga. 'Yarta, taubashiyata, ta zauna ta gyara kwaɓin don kada uwarta ta rasa ɗan abin marmari. Ta rage sukari sai ɗan mitsitsi, ta rage bota, ta sa garin alkama mai dusa, cakulet ma mai ɗaci ta nemo. Ta kira ni da zuciya ɗaya ta karanto mini ma'auninta. Wallahi abin ya ci mini rai. Yarinyar da ni na nuna wa kunna abin gashi, ita za ta koya mini? Na kwaɓa nawa da sukarinsa cif, na barbaɗa dusa don ya yi duhu, na kai da kaina. Na rantse wa gwaggo babu ƙwayar sukari a ciki, dabara ce kawai irin ta gwanaye.

Gwaggo na ɗanɗanawa ta ture na 'yarta gefe. A gaban matan gida na ɗauki guda daga cikin na 'yar tata na ƙwanƙwasa a bakin turmi, na ce a ajiye wa awaki, in haƙoransu za su iya. Aka kwashe da dariya, wai wasan taubasai ne. Taubashiyar tawa ma ta yi yaƙe, amma na ga idonta ya ciko. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, daɗi na ji.

Wata fuɗu langata tana zuwa Kebbe, gwaggo ta saki jiki tana ci safe da yamma. Ƙaya ta soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, ganinta ya fara dushewa. A asibiti ta rantse wa likita rabonta da sukari tun ranar da ya hana ta. Dangi suka yi wa taubashiyata caa, cewa ita ke jinya amma ba ta kula. Ina tsaye a wurin. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce ai ni dama na san ba ta da natsuwa. An yanke wa gwaggo yatsun ƙafa biyu.

Ba zan ce biskit ɗina kaɗai ya jawo ba, Allah ne masani, amma na san abin da hannuna ya zuba. Taubashiyata ma ta sani, don a ranar ta gutsuri ragowar na langa ta dube ni. Ba ta tona ni ba. Wasa kawai ta daina yi da ni, yanzu gaisuwar baƙi muke yi.

'Yan'uwa mata, marar lafiya ba ya ganin cikin kwaɓinki, bakinki kawai ya yarda da shi. Kada ki yi gasa da cikin wanda likita ya kafa wa doka, kuma kada ki fake da wasa ki wulaƙanta mai gaskiya. Yanzu da ma'aunin taubashiyata nake yi wa gwaggo. Takan laluba langar ta gutsura, ta ce hannuna ya canza, in daure in yi mata irin na da, wanda Allah ya sa mai daɗi kuma ba ya cutarwa. Sai ta sa mini albarka, ni kuma in ce amin.