Kamu Huɗu na Baba Iliya

Ko tsufa zai kwashe mini sunayen 'ya'yana daga kai, ba na jin zai iya kwashe wata Talata ta tsakiyar damina, ranar da Fatron, mai shagonmu, ya miƙo mini mitar awo ya ce in je in auno wani coci a bakin unguwarmu Briqueterie, ta wajen Messa, nan cikin Yawunde. Ku da kuka shigo aikin kafinta a bayana kun san ni da surutu. Har cewa ake in Sale ya fara labari, ƙusa ma lanƙwashewa take don dariya. To yau ku ajiye zarto. Wannan da dariya ya fara, amma ba da ita ya ƙare ba.

A lokacin ni ne shef a shagonmu, wato babban ma'aikaci, daga Fatron sai ni. Ga tsarin aikin ga wanda bai sani ba: mai aiki ya zo ya faɗi abin da yake so, Fatron ya rubuta a takarda, mai aiki ya sa hannu, shef ya je awo, sannan a taɓa katako. Takardar nan ita ce alƙali. In mutum ya sa hannu a kan kujera mai ƙafa uku da rabi, to ƙafa uku da rabi za a yi masa, in ya faɗi shi ya jiyo.

Da na ce coci, kada ku hango dogon gini mai ƙararrawa. Wani tsohon sito ne na buhuna, aka share aka shafa masa farar ƙasa. Mutanensa Kiristocin arewa ne, masu gadi, masu gashin nama, masu tura kaya a kasuwar Mokolo. Kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su, da ita suke waƙa, da ita suke addu'a. Wanda ya fara tara su wani tsohon mai gadi ne, Baba Iliya, tun ina yawo ba wando. Na san shi farin sani. Da mahaifiyata ta rasu, kwana uku ya yi a zaune a ƙofar gidanmu, ya fi wasu dangin daɗewa.

Sabon fasto aka turo musu daga babban cocinsu, saurayi mai tsafta, Hausarsa gauraye da Faransanci. Takardar da ya sa wa hannu benci huɗu ne kacal, a jera su a baya saboda tsofaffin mata masu ciwon gwiwa. Sauran ɗakin a bar shi yadda yake.

Na isa ana tashi daga addu'ar rana. Ga takalma tuli a bakin ƙofa, ga tabarmi a shimfiɗe, maza gefe, mata gefe, ga Baba Iliya a durƙushe goshinsa a ƙasa. Na jira har ya ɗago. Da na yi shiru na auna bangona na tafi, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma bakin nan nawa ba ya azumi.

Na ce, "A'a, Baba! Ashe ku ma namu ne ban sani ba? Ai saura ladani kawai. Musulmin Lahadi ke nan!"

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sale, Sale! Bakin nan naka wata rana sai ya kai ka inda ƙafarka ba ta so."

Matan ma suka dara. Fasto ne kaɗai bai dara ba. Na ga fuskarsa, na kuma yi kamar ban gani ba.

Ban tsaya nan ba. Da yamma na maimaita a teburin mai shayi, na ƙara gishiri, na ce har alwala na ga suna yi da ruwan baftisma. Ƙarya ce tsagwaronta, amma an yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Kun san Briqueterie, Birik ɗinmu, in ka yi atishawa a layin mahauta, a layin teloli za a amsa maka. Kafin Juma'a sunan ya kai unguwar Madagaskar, kafin wata Juma'ar ina jin ko direbobin tasi sun san tashar Musulmin Lahadi.

Bayan mako biyu Fasto ya dawo shago da sabuwar takarda. Benci goma sha takwas, daga bango zuwa bango, kuma a ɗaure ƙafafunsu da ƙarfe a cikin siminti, yadda ko giwa ba za ta matsar da su ba. Na ce, "Fasto, coci za mu yi ko jirgin ƙasa?" Bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam Sale, ka san gida huɗu sun bar mu? Samarinmu sun je taron matasa, 'yan'uwansu Kirista suka tambaye su ina carbinsu. Wata yarinya ta dawo tana kuka. Ni aka aiko in riƙe mutanen nan, ba in zuba ido suna watsewa ba." Gaskiya ban ga laifinsa duka ba. Sai dai na san maƙerin da ya ƙera wuƙar, ni ne.

Washegari ina share katako sai ga Baba Iliya da sandarsa. Na ba shi kujera, ya ce a'a, ya zauna a kan tarin katako. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, alfarma na zo nema. An yi zaman kwamiti, an rinjaye ni, ban ja ba. Ban hana kowa benci ba. Amma ni tunda na san Almasihu ban taɓa yi masa magana ina zaune ƙafa na lilo ba. Ka bar mini wuri a gaba, jikin bango. Kamu huɗu a tsaye, kamu biyu a kwance, iyakar tabarmata."

Ya gwada mini da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sau huɗu.

Na buga ƙirji. Na ce, "Baba, kamu huɗu kawai? Ai filin ƙwallo zan bar muku, har da wurin 'yan kallo! Ku je ku yi barci har da minshari."

Dabarata ita ce in yanke bencin gaba na hagu ya zama gajere, in ce katako ne ya gaza. Haka na yi. Ranar Asabar muka tura kaya, muka huda siminti, muka ɗaure sha bakwai. Na sha takwas ɗin, wato gajeren, na ajiye shi kamar ba komai. Ashe Fasto ya zo da tasa mitar a aljihu. Ya auna, ya sake aunawa, ya dubi filin da ya rage, ya dubi Baba Iliya da ke tsaye da tabarma a hammata. Nan da nan ya gane.

Ya ce, "Baba, mun gama wannan magana. Mu 'ya'ya ne a gidan Ubanmu, ba bayi ba. Ɗa yana shiga da takalminsa, ya zauna a kujera, ya ɗaga kai. Allah zuciya yake dubawa, ba tafin ƙafa ba."

Baba ya ce, "To in zuciya yake dubawa, Fasto, me tafin ƙafata ya tsare maka? A garinmu ɗa ne ma yake tuɓe takalmi a ƙofar ubansa. Baƙo ne ke shiga da shi."

"In na bar tabarma ɗaya, gobe goma ne. Sunan nan ba zai mutu ba."

"Suna ne ya dame ka, ko Allah ne ya ce maka bai ji addu'ata ba?"

Fasto ya juyo wurina, don ni ne mai sauƙin kayarwa. Ya kira Fatron a waya. Fatron ya zo a fusace, ya zaro takarda, ya nuna mini sa hannun, ya ce, "Shef, wa ya yi komand, wa ya ba da aikin, fasto ko tsoho?" Na ce fasto. Ya ce, "To?"

To ɗin ke nan. Na koma shago na yanko cikakken benci. Ni na huda simintin wurin, ni na ɗaure notunan da hannuna, Baba yana tsaye yana kallo. Duk faɗin bakin nan nawa, a ranar ko allura ba za ta shiga ba.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji. Ran Lahadi Baba ya shimfiɗa tabarmarsa a waje, bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, yana bin waƙa daga nan. Ruwan Yawunde kuwa kun san shi, ba ya sallama. Lahadi uku yana jiƙewa. A ta huɗu kwamiti ya aika masa cewa yana tare hanya, kuma yana tara 'yan kallo. Daga nan ya koma yin sujadarsa a ɗakinsa, shi da 'yarsa Rifkatu, a unguwar da shi ya fara tara mutanen. Gidaje huɗun da suka tafi, biyu sun dawo, an ce. Ban sani ba ko riba ce.

Ni kuwa na koma kewaye layinsu kamar mai tsoron kare. Sau ɗaya muka yi kiciɓis wajen masu nama. Na fara in-ina, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Bari, Sale. Na taɓa bencin naka, ko motsi ba ya yi. Ka iya aiki." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Damina ta sake zagayowa, wata safiya sai ga Rifkatu a shago, ido jawur. Baba ya cika. Akwatin gawa ake so, kuma ta ce tun yana jinya ya ce Sale ne zai yi masa. Na ɗauki mita na bi ta. Da na tsaya a kansa sai na mai da mitar aljihu, na gwada da hannuna. Kamu huɗu. Iyakar abin da ya roƙe ni, sai a ranar na ba shi.

Ranar jana'iza ni na kai akwatin, don ni zan ɗaure murfi. An sa masa kwat, an sa masa farar safar hannu kamar yadda ake yi a nan, an kuma sa masa sabon takalmi baƙi mai sheƙi. Mutumin da bai taɓa zuwa gaban Ubangijinsa da takalmi ba. Na tsaya da murfi a hannu na kasa ɗorawa. Rifkatu ta dube ni, ta dubi ƙafafun. Ta ce a hankali, "Malam Sale, ɗan tare mini." Na karkata murfin na yi mata katanga. Ta zare takalman ta tura cikin jakarta. Fasto yana tsaye daga gefe, na tabbata ya gani. Ya sunkuyar da kai cikin littafinsa. Na ɗaure murfi.

Ni ba malamin addininsu ba ne, ban isa in ce a benci ko a tabarma ya kamata Kirista ya gaida Allah ba. Wannan tsakaninsu ne da Shi, kuma da na bar musu abinsu da sun daidaita a kan benci huɗu. Abin da na sani na sana'armu ne. In an aike ku awo a wurin ibadar mutane, bango aka ce ku auna, ba su ba. Katako in ka yanke shi ba daidai ba, sai ka ɗauko wani. Magana ba ta da wani. Har yau bencin nan na gaba yana nan ta hagu, jikin bango, kuma a duk aikin da na yi a garin nan babu wanda ya kai shi ƙarko. Shi ya sa ba na bin layin cocin.